Shekarar da Na Ƙi Babbar Kujera

Halima, Usman, da ke auta Zainab, na san akwai maganar da kuka taso kuna ji a gefen kunne a gidajen biki da na suna duk lokacin da muka zo Daura hutu: wai ubanku ya kusa zama babba a banki a Legas, sai kansa ya taɓu, aka ajiye shi gefe aka ɗora wanda ke ƙasa da shi. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, kuma na san kunya ce ta hana ku, ba rashin son sani ba. Yanzu da na ajiye aiki na dawo gida, ga lokaci ga inuwa, bari in faɗa muku yadda abin ya kasance, don kada wata rana ku ba 'ya'yanku labarin da ba shi ne ba.

Tun ina ƙarami kakarku Inna ta sa mini suna Mazari, saboda ba na iya zama wuri ɗaya. A aike ni sayen gishiri, in dawo da labarin faɗan raguna, babu gishirin. A makaranta malamai sun rasa inda za su ajiye ni. Lissafin da ya gagari aji sai in warware shi a tsaye, amma littafin aikin gida ya kwana a gindin darbejiya. Abin da babu wanda ya gane, har ni kaina, shi ne idan abu ya kama raina sai in nutse a cikinsa in manta da ci da sha, idan kuwa bai kama ba, ko da igiya aka ɗaure ni hankalina sai ya tsinke ya tafi kiwo. Da wannan halin na gama karatu, na sami aiki a wani bankin zuba jari a Legas. Ba irin bankin da ake bin layi a ajiye ko a cira ba ne. Mu aikinmu, idan kamfani yana neman jari mu nemo masa masu kuɗi, idan mai kamfani zai sayar mu nemo masa mai saye, mu tsaya a tsakani har ciniki ya faɗa. Ranar da na yi wa kakanku Alhaji Mamman wannan bayani, shi da yake dillalin shanu a kasuwar Mai'adua tun kafin a haife ni, sai ya dube ni.

"Ashe duk karatun nan dillanci ka je ka koyo," in ji shi. "Da ka faɗa mini ai da na koya maka kyauta."

Shekara goma sha shida na yi a wannan aiki kafin shekarar da nake son ba ku labari. Rabin aikin ya dace da ni kamar an ɗinka mini: waya tana kaɗawa, yau Kano gobe Fatakwal, kullum sabuwar fuska da sabon ciniki. Ina iya shiga ɗaki in saurari mutum minti goma in gane abin da yake tsoro, wanda bai faɗa ba. Ɗaya rabin kuwa shi ne azabata. Takardun yarjejeniya masu shafi ɗari biyu, da taron da ake farawa da hantsi a tashi bayan la'asar. Sai in ajiye takarda a tebur kwana tara ina kewaya ta kamar maciji, a rana ta goma tsoro ya kama ni in cinye ta a zama ɗaya. Jirgi ya sha tashi ya bar ni ina zaune a filin jirgin, ina karanta wani abu dabam. A ofis ana cewa Salisu akwai kai, sai dai a bi bayansa da tsintsiya, ni ma in taya su dariya. Amma a cikina kullum ji nake kamar mai ɗauke da tulu a kai yana gudu, ina jiran ranar da zai faɗi a gaban mutane.

Ya faɗi ina da shekara arba'in da uku. Wani dattijo mai kamfanin matse man gyaɗa a nan arewa ya tsufa, 'ya'yansa ba su da sha'awar sana'ar, ya yanke shawarar sayarwa. Ya zaɓi bankinmu ne saboda ni, don muna magana da Hausa, kuma ya san sunan mahaifina. A falonsa, mu biyu, ya faɗa mini farashin da idan an matsa masa zai iya sauka zuwa gare shi, wanda ba a so mai saye ya sani ko a mafarki. Muka rubuta shi a takardar cikin gida. Wata Talata kafin azahar, waya ɗaya a kunnena, ɗaya tana kaɗawa a tebur, wani yana tsaye a ƙofa yana jiran sa hannuna, na aika wa lauyoyin masu saye saƙo ta kwamfuta. Takardu biyu ne masu suna kusan iri ɗaya. Na ɗauki wadda ba ita ba. Ban ankara ba sai da na tsaya sallah, ina raka'a ta uku, abin ya faɗo mini a rai. Yadda na ƙarasa sallar nan, Allah kaɗai ya sani.

Daga kan darduma na wuce ofishin shugabar sashenmu, Madam Folake, mace mai ƙarancin magana wadda ta ɗauke ni aiki da hannunta. Na faɗa mata komai a tsaye. Ta cire tabarau ta ajiye, ta ce in kira dattijon a gabanta. Na kira shi, na yi masa bayani.

"Salisu," ya ce, "na buɗe maka cikina, ka kai shi kasuwa."

Ya kashe waya. Cikin mako guda ya janye aikinsa daga hannunmu, kuma daga baya na ji cewa masu sayen ba su ƙara masa ko kwabo a kan wancan farashin ba. Madam Folake ta ba ni hutun mako uku.

"Ba kora ba ce," ta ce. "Amma ka dawo mini da amsa. Me ya sa mutumin da ya fi kowa kaifin kai a benen nan yake yin kuskuren da sabon ɗauka ba zai yi ba?"

Mahaifiyarku Rakiya tana koyarwa a wata makarantar firamare a lokacin. Kwana biyu ta bar ni ina kai da kawowa a falo kafin ta yi magana. Da kuka tafi makarantar Islamiyya da yamma, ta zauna kusa da ni ta ce akwai yara biyu a ajinta da iyayensu suka kai su wurin likita saboda rashin natsuwa, aka ba makarantar takardar bayani, ta karanta, kuma tun daga layin farko har na ƙarshe ni take gani.

"Wato so kike ki ce mahaukaci kika aura," na ce.

"Ban ce ba, Abban Halima. Shekara goma sha huɗu ina bin bayanka ina tsintar makulli da fasfo, kuma ban gaji ba. Kai ne ka gaji. Dubi fuskarka."

Na tashi na bar mata falon. Washegari na haɗa jaka na taho Daura ni kaɗai, ina fushi da ita saboda ta faɗi abin da nake tsoro. A gida ban gaya wa kowa dalilin zuwana ba. Inna ta dube ni sau ɗaya ta ce na rame, ta sa aka dama mini fura. Da ranar kasuwa ta zagayo, Baba ya ce in tuƙa shi Mai'adua. Ya haura saba'in a lokacin, amma da muka shiga kara, inda ake cinikin dabbobi, sai na koma bin bayansa ina haki. Yana magana da Buzun da ya koro shanu daga Nijar, yana ɗaga wa mahauci hannu, yana duba haƙoran wani bijimi, yana amsa gaisuwar direban babbar motar da za ta yi kudu, duk a numfashi ɗaya. Can a gefe, a cikin rumfa, abokinsa Baba Idi yana zaune a kan buzu, wurin da na san shi tun ina yaro. Duk cinikin da ya faɗa, Baba zai jawo mai saye da mai sayarwa zuwa gaban Baba Idi, ya faɗi dabbar da farashin da ƙarfi, Baba Idi ya maimaita a hankali, sannan a yi musabaha. Na ga wannan sau ɗari a rayuwata, ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka abota ce kawai.

A hanyar dawowa, bayan la'asar, na tsayar da mota a gefen titi na faɗa masa abin da na yi. Ban ɓoye komai ba, har maganar Rakiya. Na san a sana'arsa babu abin kunya kamar dillali ya fallasa farashin mai kaya, don haka na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa, irin dariyar da ba ta farin ciki ba.

"Ina da shekara talatin na sayar da sa ɗaya ga mutum biyu a safiya ɗaya," ya ce. "Na sallama wa na farko, aka kira ni wani wuri, na manta da shi ƙaƙaf. Da na biyu ya zo na sake sallamawa. Suka haɗu a kan igiya ɗaya. Aka kai ni gaban manyan kara, aka kira ni macuci a gaban jama'a. Wata guda ban fita ƙofar gida ba."

"Ban taɓa jin wannan ba, Baba."

"Wa zai gaya maka? Da na gaji da zaman ɗaki na je na sami Idi. Shi ba ya iya ciniki, kunya gare shi, amma abin da ya shiga kunnensa ba ya mantawa da shi har abada. Na ce masa ya zauna mini, ni in yi yawo, mu raba la'ada biyu."

"Rabi, Baba? Shekara arba'in?"

"Da rabin na gina gidan da ka girma a ciki. Da na ce sai duka, da tuni na bar garin nan da kunya." Ya juya yana kallon gonakin da aka share ana jiran ruwa. "Maganar likita kuma, mu a zamaninmu ba a san akwai likitan wannan ba. Idan akwai, je ka. Ga tabarau nan a idona, ban ji wanda ya ce na haukace ba."

Da muka isa gida na faɗa musu, sai ra'ayi ya rabu. Inna ta ce ita tun ina ciki ta san ba mai kwanciya wuri ɗaya ba ne, tsoronta ɗaya kada a ba ni abin da zai mayar da ni wani mutum dabam, don ita wannan ɗin ta haifa. Yayana Sani, wanda kuke kira Baffa, ya ja ni zaure ya rufe ƙofa.

"Kada ka kuskura maganar nan ta fita," ya ce. "Kana da 'ya'ya mata. Mutanen garin nan ba su san bambanci tsakanin likitan ƙwaƙwalwa da gidan mahaukata ba."

Kuma gaskiyarsa ne, kamar yadda kuka gani daga baya.

Na koma Legas, na ba Rakiya haƙuri, muka je asibiti tare. Likitan bai yi gaggawa ba. Sau uku muka zauna, ya yi mini tambayoyi tun daga ƙuruciya, ya tambayi mahaifiyarku abubuwan da ni ban san tana lura da su ba. A ƙarshe ya ce abin yana da suna, Turawa suna kiransa da haruffa huɗu, ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan zumuɗi. Ya ce ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Haka ƙwaƙwalwar take tun haihuwa, kuma yakan bi jini. Na tuna Baba a tsakiyar kara. Ya rubuta mini ƙwaya ɗaya da safe. Ranar farko da na sha, na zauna da wata takarda mai shafi arba'in, na karanta ta daga farko har ƙarshe, na ɗago kai na ga shayina bai ma huce ba. Ji na yi kamar kasuwa ta watse a cikin kaina, aka bar ni ni kaɗai da mutum ɗaya yana magana. Na kifa kaina a tebur na daɗe. Ba murna ce kaɗai ba, har da baƙin cikin shekaru arba'in da na yi ina zagin kaina.

Kada ku ɗauka ƙwayar ta gama komai. Ta rage mini cin abinci, ta sa mini ciwon kai a farko, kuma duk azumi sai mun zauna da likita mun sake tsari. Sauran aikin ni na yi shi da hannuna. Na sa doka: kowace safiya awa biyu ƙofata a rufe, wayoyi a cikin aljihun tebur. Sannan na je na sami wani lauya a sashenmu, Chinedu, sa'ana, mutumin da zai ga waƙafi ɗaya da ya ɓace a shafi ɗari amma ba ya son zama da baƙi. Na ce masa daga yau babu takardar da za ta fita da sunana sai ya gani, kuma duk cinikin da na kawo sunansa yana kusa da nawa, ladan ƙarshen shekara ma haka. Shi ba mai sanyin Baba Idi ba ne. Shekarar farko kusan kullum sai mun yi cacar baki, yana cewa ina gudu, ina cewa yana rarrafe. Amma babu takardar da ta sake zuwa inda ba a aike ta ba. Madam Folake kuwa na kai mata amsarta kamar yadda ta nema. Na faɗa mata sunan abin, na nuna mata ƙwayar. Ta ce ta gode da ban yi mata ƙarya ba. Sai dai magana ba ta zama wuri ɗaya. Wani ɗan garinmu da ke aiki a Legas ya gan ni a layin asibitin, kafin wata biyu labari ya iso Daura da ƙafafu huɗu.

Kusa da ƙarshen shekarar aka ƙara wa Madam Folake girma. Ta kira ni ta ce kujerarta tawa ce idan ina so, ta yi faɗa a kaina a sama kuma ta yi nasara. Wannan kujera ita ce matakala zuwa shugabancin bankin gaba ɗaya, kuma shekara goma sha shida ita nake hange. Na nemi mako guda. A cikin makon na riƙa zama ina kallon yadda take yini: taro daga safe zuwa yamma, rahoto a kan rahoto, rikicin ma'aikata sittin, ba fita, ba sabuwar fuska, ba ciniki. Duk abin da na fi rauni a kansa an tattara shi a ɗaki ɗaya an sa masa kafet mai laushi. Da na kai wa mahaifiyarku maganar tana yankan alayyafo a kicin, ba ta ko ɗago ba.

"Aikin kake so," ta ce, "ko so kake a ce kai ne a kai?"

Na yi kwana uku ina neman hanyar da zan ce duka biyun, ban samu ba. Na yi istihara, na koma na ce wa Madam Folake na gode, a bar ni inda nake, a ba wani da ni na koya masa aiki, wanda na san zai iya. Ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na ce na tabbata.

Ba zan ce muku abin bai ci mini komai ba. Baffanku Sani ya yi kusan shekara biyu ba ya yi mini magana sai gaisuwa, domin ya riga ya yi wa mutane alkawarin ayyuka da sunana, kuma ƙin kujerar ya tabbatar wa gari abin da suke faɗa. Wanda aka ba kujerar ya yi ta hawa har ya zama shugaban bankin, kuma akwai safiyar da na ga hotonsa a jarida na ninke ta na tura ƙarƙashin kujera. Gidan da kuka taso a ciki bai kai na abokan karatunku ba, na san kun lura. Dattijon mai man gyaɗa kuwa na je har gidansa neman gafara. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce ya yafe, amma bai sake kirana ba har ya rasu. Wannan ita ce ƙayar da ban iya cirewa ba, kuma ba na neman a cire mini. Amma na ƙara shekara goma sha huɗu a aikin da nake so, ina fita da safe ba tare da faɗuwar gaba ba. Ni da Chinedu muka ajiye aiki a wata ɗaya. Yanzu ina da gonata a hanyar Sandamu, ina da raguna bakwai, kuma har yau nakan fita neman hula tana kaina. Alhamdu lillahi.

Abu ɗaya ya rage, kuma naki ne, Halima. A makon da na ƙi kujerar ne makarantarku ta yi bikin ba da kyaututtuka, kina aji shida. Kafin wannan shekarar, duk bikin da na zo nakan zauna minti goma, waya ta kaɗa ko ƙafata ta yi ƙaiƙayi, in fita waje, in dawo an riga an kira sunanki. Sau uku hakan ta faru, kuma ba ki taɓa yin ƙorafi ba. A ranar na bar wayoyin a mota. Awa uku aka yi, da jawabai masu tsawo da waƙoƙin 'yan aji ɗaya, na zauna a layi na huɗu kusa da mahaifiyarku. Ina ganinki daga inda kuke zaune a gaba kina waiwayowa, ki duba kujerata, ki juya. Na ƙirga, sau biyar kika waiwayo. Da aka kira ki karɓar kyautar lissafi, kin hau dandamali ba ki dubi shugabar makarantar ba, ni kika duba.

A mota kina rungume da littafin da aka ba ki har muka kusa gida. Sai na ji muryarki daga baya, a hankali, kamar mai tsoron kada ta ɓata wani abu.

"Abba, yau ba ka fita ba."

"Ban fita ba," na ce.

Mahaifiyarku ta juya tana kallon taga, ni kuma na wuce kwanar gidanmu ban sani ba, sai da Usman ya ce mun wuce.